Jan Goron da Kaura Barmo Ya Ci

A shekara ta bakwai ta sarautar Tunau, sarkin Birnin Shirwa, ungulaye suka sauka a kan soron fada, suka yi kwana uku ba su tashi ba. Bokan fada ya buga ƙasa ya ce alamar ganima ce. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali, kuma ya san abin da ya sami bokan da ya gada. Tsofaffin gari kuwa ba su buga ƙasa ba, sai suka aika wa 'ya'yansu na ƙauye su kwaso hatsi su shigo cikin ganuwa.

Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Wanda ya fara faɗin haka bai zauna ƙarƙashin Tunau ba. Kakata 'yar unguwar maƙera ce, daga bakinta na ji labarin nan, kuma har ta mutu ba ta ambaci sunansa ba tare da ta tofar da yawu ba. Da takobin Kaura Barmo, shugaban mayaƙan Shirwa, Tunau ya hau gado lokacin da 'yan uwansa suka yi masa taron dangi. Wannan alherin ne bai taɓa yafe wa Barmo ba, don akwai mutanen da ganin wanda ya taimake su yake hana su barci.

Sai ga maganar Ladingo ta zo ta ƙara wa wutar itace. Ladingo 'yar Sarkin Maƙera ce, bazawara wadda mijinta ya mutu a yaƙi, doguwa, mai kaifin harshe, shekararta talatin da 'yan kai. Tunau ya gan ta, ya aika da kuyangi da zannuwa. Ta mayar da kayan ko kwance ɗaurin ba ta yi ba, ta ce a gaya wa Zaki ta gode, amma ta riga ta amsa wa Kaura Barmo, za a ɗaura aure da kaka. Da wata ce da tuni an ɗauko ta a ka. Amma sarki bai isa ya taɓa 'yar Sarkin Maƙera kai tsaye ba, domin ranar da wuta ta mutu a maƙera, ranar kibiya ta ƙare a gari. Tunau ya haɗiye abin, ya zauna yana jiran dama.

A rana ta huɗu, da ungulayen suka tashi, manzon Sarkin Zangaya ya iso fada. Bai cire takalmi ba. Ya ajiye fartanya da kibiya a gaban sarki ya ce, "Ubangijina yana hayin Gulbin Kada da dawaki dubu uku. Ya ce ka zaɓa. In fartanya ka ɗauka, ku yi masa noma shekara shekara. In kibiya ce, ya san hanyar gidanka."

Tunau ya ture fartanyar da ƙafa, aka sallami manzo, aka tara majalisa.

Galadima Gwanki, wanda ya fi kowa tsufa a fada, ya fara magana. "Allah ya ba ka nasara. Na ga yaƙin Zangaya sau biyu, a zamanin kakanka da na mahaifinka. Mutane ne masu zafin kai hari, amma ba su iya zaman jira ba. Ganuwarmu lafiya take, rumbuna cike, rijiyoyi suna ciki. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Nan da kwana goma gulbi zai kawo, su da kansu za su kwashe nasu ya nasu. A rufe ƙofa a zauna, Zaki. Wannan yaƙin ba ya bukatar jinin kowa."

Wambai, babban bafaden sarki, mutumin da bai taɓa jin warin fagen fama ba, ya gyara zama. "Zaki, Galadima ya tsufa, dole zama ya fi masa daɗi. Amma me za a ce a kasuwannin ƙasashe? A ce Shirwa ta ɓuya a bayan laka tana roƙon ruwan sama ya yi mata yaƙi? Ashe maza sun ƙare a garin nan?"

"Ba su ƙare ba," in ji sarki. "A kawo jan goro."

Aka aiki bawa ya ɗauko. Ga yadda al'adar take a Shirwa. Idan abokan gaba suka fi ƙarfin gari, akan ajiye jan goro ɗaya cikin ƙwarya a tsakiyar majalisa, ba a kiran sunan kowa. Wanda ya ɗauka ya ci, zai fita da mutanen gidansa kawai, a rufe ƙofar gari a bayansa. Ba za a buɗe masa ba sai ya zo da tambarin abokan gaba ya buga shi a bakin ƙofa, domin rundunar da aka raba da tambarinta ba ta sake tsayawa. Sau huɗu aka taɓa cin goron nan tun kafuwar birni, mutum ɗaya ne ya dawo. Kuma ba a fito da shi sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ba lokacin da rumbuna ke cike ba.

Bawan da ya shigo da ƙwaryar bai tsaya a tsakiya ba. Ya wuce kai tsaye ya dire ta a gaban gwiwar Barmo, kamar yadda aka umarce shi.

Barmo ya dubi ƙwarya, ya dubi sarki. Ƙato ne baƙi, marar yawan magana, da tabon sara a goshi wanda ya samu ranar da ya ɗora Tunau a kan gado. Ya ce, "Zaki, tun kakanninmu a tsakiya ake ajiye ƙwaryar nan. Yau ta yi ƙafa ne?"

"In ta yi wa Kaura nauyi, ba dole," in ji Tunau, yana murmushi. "Sarkin Maƙera yana da 'ya'ya maza biyar. Sun daɗe suna ƙera mashi, bari mu ga ko sun iya riƙe shi. A kai ƙwaryar gidansa."

Babu wanda bai gane ba. Ko Barmo ya ci goro ya mutu, ko ƙannen Ladingo su mutu a madadinsa yana kallo. Galadima ya buɗe baki, sarki ya ɗaga masa hannu. Barmo ya ɗauki goron ya ɓare shi, ya tauna a hankali har ya haɗiye, idonsa na kan sarki.

"Na ci, Zaki," in ji shi. "Ranar da ka ji tambarin Zangaya a bakin ƙofa, ka tuna da rabin al'adar da ya rage a wuyanka."

Washegari da hantsi dawaki ɗari uku suka taru a ƙofar gabas. Ladingo ta ratso taro ta kama linzamin dokin Barmo, ba ta damu da idon mutane ba.

"Kaura, ka san don wa aka fito da goron nan."

"Na sani."

"To in ka fita, kada ka nufi gulbi. Ka yi arewa, ka shiga ƙasar da ba a san Tunau ba. Zan biyo ka ko da ƙafa."

"In na yi arewa, a kan gidanku zai huce. Kuma mutum ɗari ukun nan suna da mata a cikin gari." Ya sunkuyo ya rage murya. "Ladingo, ban taɓa sha'awar tsufa ba sai bana. Ki bar ni in je in nemo shi."

Ta saki linzamin. Tana son sa, tana kuma jin haushinsa kamar ta mare shi, don ta san gaskiya ya faɗa. Suka fita, aka turo ƙyaure, aka zarga sarƙa aka datse kwaɗo. Nan take Tunau ya karɓe makullin daga hannun Sarkin Ƙofa ya rataya a wuyansa, abin da wani sarki bai taɓa yi ba.

Abin da Barmo bai sani ba shi ne, tun jiya da la'asar wani bawan Wambai ya riga shi fita. Yana ɗauke da zoben azurfa na sarki don shaida, da saƙo zuwa ga Sarkin Zangaya cewa Kaura zai ƙetare ta mashigin Tsamiya. Sarki ya sayar da jarumin garinsa saboda mace ta ce ba ta son sa. In akwai ƙasƙancin da ya wuce wannan, ni ban ji shi ba.

Sarkin Zangaya ya kwashi zaɓaɓɓun baradensa da 'yan baka ya kai su mashigin Tsamiya, suka yi kwanton ɓauna a cikin kurmi. Amma Barmo tsohon hannu ne. Da ya hango mashigin da rana tsaka, ya ga ko tsuntsu ɗaya ba ya sauka shan ruwa, sai ya ja linzami. Ya bar mutum hamsin su yi ta kai da kawo suna ta da ƙura kamar runduna na shirin ƙetarewa, shi kuma ya bi gaɓar gulbi da sauran, suka ƙetare can ƙasa inda ruwa ya kai ƙirjin doki.

Da safiyar rana ta biyu suka auka wa sansanin Zangaya. Mugunta ta ci mai ita, domin duk gwarazan suna can mashigi suna jiran Barmo, sansani ya rage sai masu gadi da masu dafuwa. Duk da haka ba a banza aka shiga ba. 'Yan lifidi ɗari biyu sun kewaye tambarin, aka yi ta sara har dawaki suna santsi a jini. Barmo ya sha mashi a cinya, ya karya sandar ya bar kan a ciki, ya kai ga makaɗin ya tsinke igiyar tambarin da hannunsa. A bukkar da ke kusa suka tarar da bawan Wambai zaune yana cin nama, an mayar masa da zoben ya kai wa ubangijinsa. Barmo ya karɓi zoben ya jujjuya shi. Sannan ya jefa shi a aljihu.

A rana ta uku da azahar mutanen Shirwa suka ji sautin da ba su taɓa ji ba, tambarin Zangaya yana kuka a bakin ƙofar gabas. Gari ya ruɗe da guɗa, aka hau ganuwa. Ga Barmo a ƙasa da mutum tamanin da suka rage. Can nesa, wajen gonaki, ana hango ƙurar rundunar Zangaya, ta biyo sawu don ƙwato tambarinta. Da sauran lokaci, da an buɗe a sannan da kowa ya shigo har da dawakinsa.

Tunau ya hau ganuwa da dogarai kewaye da shi. Ya leƙa, fuskarsa ta yi fari fat.

"Zaki, ga tambari!" in ji Barmo. "A buɗe!"

"Wa ya san ko na Zangaya ne? Kuma in na buɗe, su shigo a bayanka. Ba zan sayar da birni saboda mutum tamanin ba."

Barmo ya zaro zoben ya wurga shi sama, ya faɗo a kan ganuwa a gaban Galadima. "Galadima, duba abin da na tsinta a sansanin Zangaya, a hannun bawan Wambai. Ka gaya wa mutanen Shirwa na wane ne."

Galadima ya ɗauka ya ɗaga shi sama. Mutane suka yi cirko-cirko. Sun gane zoben, amma dogarai sun zare takubba, kuma tsoron shekara bakwai ba ya fita daga ciki rana ɗaya.

Sai Ladingo ta hau matakala. Ta durƙusa a gaban Tunau, macen da ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba sai mahaifinta.

"Zaki, ni kake so. Ga ni. Ka buɗe ƙofa, yau ɗin nan a kai ni gidanka, a matar aure ko a baiwa, yadda ka ga dama. Na rantse da uwar maƙerar mahaifina ba zan sake ɗaga ido in dube shi ba."

Tunau ya dube ta daga sama har ƙasa. "'Yar maƙera, ba ki iya ciniki ba. Don me zan sayi abin da gobe zan samu kyauta?"

Ta tashi ba ta kakkaɓe gwiwa ba, ta sauka da gudu zuwa inda mahaifinta yake tsaye da ƙannenta.

"Baba, wa ya rataya ƙyauren nan?"

"Ni ne, da kakanki."

"A kan me yake tsaye?"

Tsoho ya gane. Sarƙa da kwaɗo suna gefe guda, amma ɗaya gefen ƙusoshi uku ne na ƙarfe, kowacce kaurin dantse. Ya ce, "Cirewa ba wuya, Ladingo. Mayarwa ce aiki. Sai ƙarti arba'in, da lokaci."

"A cire, Baba."

Maƙera suka zo da masaba, babbar gudumar ƙira. Sarki yana ihu daga sama a kama su, amma taro ya toshe matakala, dogarai suka kasa sauka. Ƙusa ta fari ta fita, ta biyu ta fita. Ladingo da kanta ta karɓi masaba ta fitar da ta ukun. Ƙyauren ya yi ƙara ya kife gefe, ya rataye a jikin sarƙarsa. Aka shigo da tambari, aka shigo da masu rauni, Barmo ya shigo daga ƙarshe. Ladingo ta riƙe ƙafarsa a jikin likkafa tana kuka tana dariya.

Murnar ba ta daɗe ba. Jayayyar da aka yi a kan ganuwa ta cinye lokacin, goshin rundunar Zangaya ya riga ya wuce gonaki. Barmo ya waiwaya ya ga ƙofar birni a wangale, ƙarti suna ta nishi da ƙyaure ko ɗaga shi ba su yi ba. A bayansu kuma mata ne da yara cike da hanya.

"Sarkin Maƙera, wane lokaci za ku ɗauka kafin ku mayar?"

"Kafin a dafa tuwo a sauke, Kaura."

Barmo ya sauka daga doki, ya karɓi garkuwa. Hanyar ƙofar matsattsiya ce, doki biyu ne ke wucewa a jere. Ya kira mutum goma suka fita suka tsaya a bakinta ta waje. Ladingo ta riƙe masa riga, ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Abin da aka yi a bakin ƙofar nan, waɗanda suka gani daga ganuwa sun mutu suna ba da labarinsa. Sau uku dawakin Zangaya suka kawo hari, sau uku aka mayar da su, 'yan bakan Shirwa suna taimakawa daga sama ba da umarnin kowa ba. Ƙyaure ya miƙe. Ƙusa ta fari ta shiga, ta biyu ta shiga. Daga cikin goman saura biyu. Barmo ya tura biyun ta 'yar kafar da ta rage, shi ya tsaya, domin in ya juya baya ko na ƙiftawar ido ne za su danno tare da shi, ƙyauren ya sake kifewa.

"A rufe! A buga ƙusar!" in ji Barmo daga waje.

Ƙarti suka danne ƙyaure. Sarkin Maƙera ya ɗaga masaba, hannunsa ya ƙi. 'Ya'yansa suka kau da kai. Ana jin ƙarar ƙarfe a waje, ƙyauren yana girgiza a kafaɗun mutane.

"Ladingo!" Muryarsa ta shigo ta tsagar katako. "Ke kika cire ta. Mayar da ita, ina gajiya."

Ta karɓi masaba daga hannun mahaifinta. Sau bakwai ta buga, da kowane bugu tana kiran sunansa na yanka, wanda ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba. A na bakwai ƙusa ta zauna. Jim kaɗan hayaniyar waje ta lafa.

Sarkin Zangaya ya matso daidai inda murya za ta kai, ya sa aka yi shela. "Mutanen Shirwa, tambarina ya shiga garinku, na san abin da hakan yake nufi, zan koma. Ga gawar jaruminku, ban bari an taɓa ta ba, don ban ga namiji irinsa ba. Amma akwai wanda ya aiko mini da zobe, ya kai ni mashigi na zauna gadin ruwa har aka cinye sansanina. Ku ba ni shi, in ba ku gawa."

"Wambai ne!" in ji Tunau. "Ku ba shi Wambai!"

"Bawan nawa ne, Zaki," in ji Wambai, ya riga ya koma bayan Galadima. "Zoben ba nawa ba ne."

Galadima Gwanki ya dubi dogarai ɗaya bayan ɗaya, suka mayar da takubba kube. Sannan ya juya ga Tunau, karo na farko bai ce Allah ya ba ka nasara ba.

"Ɗan Shirwa yana kwance a waje, ana nemansa da farashi. Kai ka sayar da shi, kai za ka fanso shi."

Aka cire masa rawani, aka sauko da shi yana tirjewa, yana yi wa kowa alkawarin sarauta. A gindin ƙofa ya ga Ladingo, har yanzu masaba na hannunta. Ya faɗi ya kama ƙafarta.

"Ladingo, ki yi musu magana. Ke za su ji."

Ta ajiye masabar. Ta sunkuya ta cire makullin daga wuyansa, ta buɗe kwaɗon da hannunta, ta matsa gefe ta ba shi hanya.

Aka fitar da ɗaya, aka shigo da ɗaya. Gari ya ɓarke da sowa, ana ta buga tambarin Zangaya har fatarsa ta kusa fashewa, ana cewa Shirwa ta huta. Ladingo tana zaune a ƙasa a gindin ƙyaure, kan Barmo a cinyarta, tana share masa fuska da bakin zanenta. Galadima ya durƙusa kusa da ita ya ce ta yi haƙuri, hannunta ne ya ceci birni.

Ba ta ɗago ba. "Baba Galadima, ba birni na zo ceta ba," in ji ta. "Ka ce su daina kiɗan nan."